Kirsimetin Da da na Yanzu: Ina Langar Maƙwabta?

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyar tsofaffin ɗalibai na ƙarshen shekara)

 

Kwamitin shirye-shirye ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan bikin Kirsimeti, yadda muka san shi muna yara da yadda muke ganinsa yanzu da girma ya kama mu. Na karɓa da farin ciki, domin a wannan ɗaki akwai Kirista akwai Musulmi, kuma kusan kowa a nan ya taɓa cin shinkafar Kirsimeti kamar yadda ya ci naman layya.

Jama'a, ni a Tudun Wada ta Kaduna na tashi, a gidan haya mai ɗakuna da yawa, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya. Mahaifina yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Da zarar hunturu ya shigo, leɓe ya fara tsagewa, mun san biki ya kusa. Baba zai kawo atamfa, Mama ta kai mu wurin tela a gwada mu, a kuma ja masa kunne ya ƙara tsawo don kayan su kai baɗi. A majami'a kuwa, iyayenmu 'yan Zumuntar Mata sun duƙufa gwajin waƙa da kiɗan tulu, mu kuma ana koya mana wasan kwaikwayon makiyaya da masu hikima.

Ana gobe biki, Baba zai kira maƙwabcinmu Musulmi ya yanka akuyar da hannunsa. Ba mu gane dalili ba sai daga baya: so yake duk wanda aka kai wa naman ya ci ba tare da wasiwasi ba. Washegari bayan an tashi daga sujada, Mama za ta jera languna, ta zuba shinkafa da miya da nama, ta ɗora cincin a gefe. Aikinmu ne mu yara mu kai gida-gida. Mu yi sallama, mu durƙusa mu gaida Hajiya, a juye, a wanke langar, a jefa mana 'yan kuɗi ko alawa a ciki. Ba a taɓa mayar da langa haka nan ba. In Sallah ta zo, ita wannan langar ce za ta zo mana ɗauke da waina ko tuwo da soyayyen nama. Da yamma mu fita yawon biki tare da abokanmu, ba mai tambayar wane ne ya je majami'a da safe.

To, sai shekarar 2000 ta zo. Kowa a nan ya san abin da ya faru a Kaduna cikin watan Fabrairu, aka kuma maimaita a watan Mayu. Rayuka da yawa suka salwanta. A watan Nuwamba na 2002 wata wutar ta sake tashi. Bayan haka sai garin ya rabu: yawancin Kirista suka koma kudancin kogi, su Sabon Tasha da Television da Narayi, Musulmi kuma suka taru a su Rigasa da Tudun Wada da Kawo. Mu ma muka kwashe kaya muka haye gada. Abin da ba na mantawa shi ne, a ƙarshen shekarar 2000 ƙaramar Sallah ta biyo bayan Kirsimeti da 'yan kwanaki kaɗan. Da a ce muna tsohuwar unguwa, da languna sun yi karo a hanya. A maimakon haka Mama ta dafa abinci kamar kullum, ta tsaya tana duban tukunya, ta rasa inda za ta aike mu.

A nan ne wannan makaranta ta yi mana rana. Lokacin da unguwanni suka rabu, ɗakin kwananmu bai rabu ba. Malamanmu, kun haɗa mu a benci ɗaya, kun haɗa mu noma gonar makaranta, har bulala ba ku bambanta ba. Da azumi muna ajiye wa abokanmu rabonsu na abinci har a sha ruwa. Bayan hutun Disamba su kuma su tare mu tun daga ƙofa suna neman cincin. Allah Ya saka muku da alheri.

Yanzu fa? Mu ne masu biyan tela. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota zuwa gida ya ninka. A ƙarshen 2024 kuɗin buhun shinkafa mai kilo 50 ya zarce mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Duk ma'aikacin da ke nan ya san yadda ake zuba wa waya ido a watan Disamba ana jiran shigowar albashi. Ga kuma fargaba. Tun bayan bama-baman jajibirin Kirsimeti a Jos a 2010, da na majami'ar Madalla ranar Kirsimetin 2011, yaranmu suka saba da ganin ana binciken jakar uwarsu a ƙofar majami'a. A jajibirin Kirsimetin 2023 ma an kashe mutane da dama a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Amma ba tsadar shinkafa ce ta fi damuna ba, don iyayenmu ma ba masu kuɗi ba ne. Abin da ya fi damuna shi ne 'ya'yanmu. Ɗiyata ta tambaye ni ko Musulmi suna cin shinkafa irin tamu. Dariya ta kama ni, daga baya jikina ya yi sanyi. Yarinyar da aka haifa a Kaduna, amma ba ta taɓa shiga gidan Musulmi ba! Na tabbata a Rigasa ma akwai yaron da bai taɓa shiga gidan Kirista ba. Mu in an gaya mana mugun labari a kan wancan ɓangare, muna da fuskokin da za mu tuna mu ƙaryata. Su kuwa ba su da ko ɗaya, duk abin da aka faɗa musu shi za su ɗauka. Ranar da wani mai son zuciya ya zo neman 'yan jifa, irin waɗannan yara zai nema.

Gaisuwar WhatsApp tana da kyau, amma hoton shinkafa ba ya ƙosar da kowa, kuma zumunta a ƙafa take. Saboda haka ga shawarata. Kafin mu watse yau, sakatare ya zagaya da takarda. Kowane Kirista a cikinmu ya rubuta sunan abokin ajinsa Musulmi guda ɗaya wanda zai gayyata gidansa ranar 25 ko 26 ga wata, da iyalinsa duka. In Sallah ta zo a rama ziyara. A kira wanda ya dace ya yi yanka, kamar yadda iyayenmu suka yi. Sharaɗi ɗaya ne: yara su za su riƙe langa, su za su yi sallama, su za su durƙusa su yi gaisuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A taron baɗi, in Allah Ya kai mu, sakatare ya karanta mana gidaje nawa suka cika alkawari.

Allah Ya ja kwanan malamanmu, Ya raya mana zuriya, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Barkanmu da Kirsimeti, Allah Ya nuna mana sabuwar shekara.