Jawabi A Kan Likitan Dawakin Sukuwa Da Irin Karatunsa

 

Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne likitan dawakin sukuwa da na ƙwallon doki. Mutum in ba shi da lafiya ya kan faɗi inda ke masa ciwo, amma doki ba shi da bakin faɗi. Saboda haka wanda zai yi masa magani lalle ya daɗe yana koyo.

Asalin wannan ilmi a hannun masu dawaki ya tashi. Makarantar farko an kafa ta a Liyon, ƙasar Faransa, da iznin sarki cikin 1761, wanda ya kafa ta kuwa, Bourgelat, malamin koyar da hawa ne. A Ingila akwai wani ingarma, Eclipse, wanda ba a taɓa tsere masa ba. Da ya mutu cikin 1789 wani Bafaranshe ya feɗe shi don ya ga sirrin gudunsa, shi ne kuma ya zama malamin farko na makarantar London cikin 1791. A ƙasarmu an kafa ma'aikatar Vom cikin 1924 don yaƙi da bushiyar shanu. Bayan samun mulkin kai aka fara yaye cikakkun likitoci a Ibadan da Zariya.

Yaron da ya shiga wannan hanya zai yi shekara 6 a jami'a. Da fari ya koyi ƙirar jikin dabba, ƙashi da jijiya, sa'an nan cututtuka da magunguna, daga baya fiɗa. In ya ci jarrabawa sai majalisar likitocin dabbobi ta rubuta sunansa, kana ya sami iznin aiki. Duk da haka bai zama likitan dawaki ba tukuna, sai ya bi wani gwani shekaru, yana shiga barga da asuba, yana ɗaga kofato, yana sauraron shamaki da yaran doki, gama su ke kwana da shi.

Me zai koya a nan? Zai san zuciyar lafiyayyen doki a turke tana bugawa wajen sau 28 zuwa 44 a minti guda. Zai san doki ba ya iya amai, don haka ciwon cikin da aka rena da safe ya kan kashe kafin dare. Zai gane ɗingishi tun mahayi bai ji shi ba, ya kuma san jijiyar ƙafar gaba in ta tsage, hutunta ya kan kai wata 9 ko shekara.

To, a nan nauyin yake. Ran sukuwa, ga jama'a sun taru, ga maigida ya kashe dukiya, likita ya shafa ƙafa ya ji zafi. Akwai allurar da za ta ɓoye ciwon, doki ya yi gudu, amma in jijiyar ta tsinke a tsakiyar fage, an yi hasarar doki, wataƙila har da mahayi. Amfanin karatun nan duka shi ne likita ya iya cewa, "Ranka ya daɗe, yau ba zai fita ba."

Wannan magana tana da wuyar faɗi ga yaro a gaban babba. Ku da ke riƙe da ma'aikatu, ku ne za ku sauƙaƙa ta. In ya hana, ku tsaya bayansa. In ya nemi allurar rigakafi kafin damina, lokacin da ƙananan ƙwarin da ke yaɗa annobar dawaki suke yawa, kada takardarsa ta kwana a ofis. Ku kuma tura yaranku masu son dabba wannan karatu.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar abin da ba ya magana, amin.