Yaro Ya Nemi Kwikwiyo: Me Za a Duba?

 

Da aka ba ni wannan batu sai da na yi murmushi, domin a gidan da na tashi ba yaron da zai buɗe baki ya ce a saya masa kare. Kare na mafarauci ne, ko na Bafulatani a ruga, ko na mai gona a bayan gari. Yau kuwa yaranmu suna ganin 'ya'yan Turawa a talabijin rungume da kwikwiyo, ɓarayi kuma sun sa gidaje da yawa a sababbin unguwanni sun ajiye karen gadi. To, ga ɗanka mai shekara shida ya tsaya a gabanka, ya ce, "Baba, ina son kwikwiyo."

Maganar addini ita ce farko. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana ajiye kare a gida sai don gona, ko kiwo, ko farauta. Masu sharhinta sun kawo labarin cewa shi kansa marubucin ya ajiye kare don tsaro lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Fatawa ta malamai ce, a je gare su. Ni ina magana ne a kan gidan da ya riga ya tsai da shawarar yana bukatar kare.

A irin wannan gida, a daina yaudarar kai da cewa karen na yaro ne. Kare yakan yi shekara 10 zuwa 13 a duniya. Wanda ya yi kukan a saya masa yana aji ɗaya zai tafi makarantar kwana, karen yana nan yana jiran abinci. Wa zai kwashe kashinsa? Wa zai cire masa kaska? Galibi kan uwargida abin yake ƙarewa, ita da ba a nemi shawararta ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin a fili yake. Yaro gajere ne, fuskarsa daidai take da bakin kare, cizon da ke kusa da kai kuma ya fi saurin kai ƙwayar cutar ƙwaƙwalwa. Cutar takan yi wata biyu ko uku a ɓoye, rauni ya warke, kowa ya manta. Da zarar alamunta sun bayyana, yaro ya fara firgita da ruwa, da wuya a tsira.

Shi ya sa ma'aunina ba shekaru ba ne. Ku tambayi kanku: idan kare ya yakushi yaron nan, zai zo ya faɗa? Yaron da ya saba in ya fasa kofi sai ya ɓoye don tsoron bulala, haka zai ja hannun riga ya rufe cizo. Wannan bai isa zama da kare ba, ko da shekararsa goma sha biyu, kuma gyaran yana wuyanmu mu iyaye. Wanda zai rugo da gudu ya nuna, shi ne ake iya ceto: a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a wuce asibiti don allura a ranar, kada a tsaya shafa toka ko ɗaure wurin da tsumma. Mutum na farko da Louis Pasteur ya yi wa cikakkiyar allurar nan a Faransa a 1885 yaro ne mai shekara tara, Joseph Meister, kuma ya rayu.

Sauran gwajin kuwa, kakanninmu sun riga mu. Da can akan ba yaro kaza ko 'yar akuya a ce tasa ce. Ku yi haka. Ku ba shi zomo ko tantabara wata uku, ku zuba ido. Yana ba su ruwa ba tare da an tuna masa ba? Idan an ce ya saki, yana saki? Wanda yake jan kunnen zomo zai ja wutsiyar kare, kare kuma ba zomo ba ne. Sai ya san ba a taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana shayar da 'ya'yanta. Ɗan ƙasa da shekara biyar kuwa kada a bar shi da kare shi kaɗai, komai sabon da suka yi.

Idan kun gamsu, ina roƙonku abu ɗaya. Da kwikwiyon ya cika wata uku, ku kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin hauka. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin ta. Ku karɓi katin, ku adana shi tare da katin rigakafin yaranku, kuma ku tafi da yaron ya ga yadda ake yi.