Jawabi: dajin da ke kwance ƙarƙashin gonakin Maraɗi



Wanda ya bi hanyar Tibiri ko ta Jiratawa a yau zai ga gawo da kalgo da sabara tsaye cikin gonakin hatsi. A 1984 waɗannan gonaki fayau suke, iska na binne shuka da rairayi. An saba ɗora laifin duka a kan fari. Gaskiya ne farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa, amma kafin su noman gujiya ya riga ya cinye saura, kuma malaman gona suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙaf.

Doka ma ta taimaka wa ɓarnar. Dokar Turawan mulkin mallaka ta 1935, da ta 1974 da ta gaje ta, sun sa itace a hannun gwamnati. Manomin da ya sare gawon da ya raina da kansa sai ya sha tara. To, wa zai raini abin da ba nasa ba?

A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da mishan SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace shekara toho ne na kututtura masu rai. Ashe saiwa ba ta mutu ba. Sai a zaɓi rassa ƙalilan masu ƙarfi, a datse sauran, a tsare su. Wannan shi ne sassaben zamani. Masu bincike, cikinsu har da Chris Reij, sun ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Damana ta ɗan gyaru tun wajen 1990, amma ruwan sama yana tayar da abin da ya tarar ne kawai. Inda aka bar kututture, itace na miƙewa cikin ƴan shekaru. Inda aka tumɓuke shi, ko ƙasa ta zama faƙo, sai an yi dashe da tsada, kuma yawancinsa ba ya tsallake rani. A fadamar Gulbin Maraɗi kuwa matsalar daban ce: tun da aka gina madatsar Jibiya a Nijeriya ambaliya ta ragu, alhali itatuwan kwari da ita suka dogara.

A watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince wa manomi da mallakar itacen da ya raina. Saura aiki da ita. Ma'aikatan gandun daji su kai ta ƙauye da Hausa, su daina cin tara a kan haƙƙin talaka. Alhazai da ma'aikata masu sayen gonaki a bakin gari kuma su yi hattara kafin su sa tarakta: kututturen da aka tumɓuke a wuni ɗaya, damana ashirin ba ta mayar da shi.