Sajan Vivour da Sunayen da Ba Mu Rubuta Ba

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, bari in kama magana.

Da mutum guda zan fara. Bankole Vivour ɗan Nijeriya ne, sajan a rundunar mayaƙan saman Ingila zamanin yaƙin Hitila, cikin masu hawa jiragen da ke kai wa Jamus farmakin bama-bamai da dare. A watan Maris na 1944 jirginsu ya tashi, bai dawo ba.

Abokan aikina malaman tarihi sun sha ce mini yaƙin Turawa ne, ina ruwanmu. Amsata gare su ba ta canza ba: ku zauna ku dubi lissafi. Mutum wajen 125,000 suka hau waɗannan jiragen, 55,573 suka mutu. Kusan 44 ke nan cikin kowane ɗari. Ku jera ɗalibai ɗari a filin lakwal, ku ware arba'in da huɗu gefe, sannan za ku ji nauyin abin. A watan da Vivour ya rasu, daren 24 an rasa jirage 72 a farmakin Berlin. Daren 30 kuwa, cikin 795 da suka nufi Nuremberg, 95 ba su komo ba, kuma jirgi irin Lancaster mutum bakwai yake ɗauka.

To, ku sake sauraren lambar nan. Ba a ce dubu hamsin da ɗoriya ba. An ce 55,573, har da ukun ƙarshe. Ba a samun irin wannan ƙidaya sai wani ya zauna ya rubuta kowa da sunansa, da lambarsa, da daren da ya ɓata. Dalilin da ya sa yau, bayan shekara tamanin da wani abu, nake iya kiran sunan ɗan Afirka guda a tsakiyar Bengou ke nan.

Na san za a ce bama-baman a kan mata da yara suka sauka, a Hamburg da Dresden. Gaskiya ne, kuma Ingila kanta sai a 2012 ta gina wa mayaƙan jiragen wurin tunawa a Landan. Amma sunayen suna rubuce tun can.

Mu fa? Wa zai tashi a zauren nan ya faɗa mini samari nawa kwamandan mulkin mallaka ya ɗiba daga ƙasar Gaya aka sa musu jar hular soja? Nawa suka dawo? Labarin kisan sojojin Afirka a Thiaroye na Disamba 1944 kun san shi, har yau ana gardamar yawan mamatan. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ta amsa da bakinta a 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 na yaƙin duniya na farko, akasarinsu ƴan Afirka, ba a tuna su da suna ba. Laifin masu mulkin mallaka ne, na yarda. Sai dai tun 1960 alƙalami yana hannunmu.

Abin da nake roƙo shekara da shekaru bai wuce wannan ba. Kowace makaranta, daga nan har Gaya, ta tura ɗalibai gidajen mazan jiya. A ɗauki hoton takardar soja da lambobin yabo da ke ƙasan adaka kafin gara ta cinye su, a naɗi muryar tsofaffin da suka ji labari daga bakin iyayensu. A buɗe rajista guda a ofishin magajin gari. Kuma kada a tsaya kan na da: sojojinmu 71 da suka kwanta dama a Inates a Disamba 2019, da 89 na Chinagodar a Janairu 2020, duk wanda ya fito daga wannan yanki a sa sunansa, da sunan mahaifinsa, da garinsu.

Allah ya jiƙan su.