Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Darasi Daga Rayuwar Emil Jannings

Da aka ce in ɗan yi jawabi, sai na ga ya dace in ba ku labarin wani ɗan wasan silima na ƙasar Jamus, domin akwai abin lura a ciki ga duk mai riƙe da muƙami.

Sunansa Emil Jannings, an haife shi a 1884. Ya yi tashe a zamanin da fim ba ya magana, wato sai dai ɗan wasa ya isar da saƙo da fuska da motsin jiki. A 1924 ya fito a wani fim na darekta Murnau, a matsayin tsohon mai tsaron ƙofar wani babban otel. Mutumin nan ba abin da yake tinƙaho da shi sai kwat ɗinsa ta aiki mai maɓallai masu ƙyalli, wadda saboda ita ake girmama shi a unguwa. Da tsufa ya kama shi, aka karɓe kwat ɗin, aka mai da shi mai kula da ban ɗaki. Don kunya sai ya sace ta yana sawa in zai koma gida, har asirinsa ya tonu, maƙwabta suka yi ta yi masa dariya.

Daga nan likkafa ta ci gaba. Jannings ya tafi Hollywood ta Amurka, kuma a 1929 shi ne ya fara karɓar lambar Oscar ta gwarzon ɗan wasa namiji. Amma da fim ya soma magana, Turancinsa bai fita sosai, sai ya komo gida.

A 1933 Hitler ya hau mulki, kowane ɗan wasa ya zaɓi hanyarsa. Abokin aikinsa Conrad Veidt, wanda suka fito tare a wani fim a 1924, matarsa Bayahudiya ce, sai ya tattara ya koma Ingila. Shi kuwa Jannings ya zauna, ya yi wa gwamnatin Nazi finafinan farfaganda, kamar Ohm Krüger na 1941. Ministan farfaganda Goebbels ya yi ta karrama shi, aka ɗaukaka shi.

To, a 1945 Jamus ta sha kaye. Aka hana shi aikin fim, bai sake fitowa ba har ya mutu a Ostiriya a 1950. Kun ga abin da ya taɓa yi a wasa ya same shi da gaske: an karɓe kwat, girma ya bi ta.

'Yan'uwa, da yawanmu yanzu muna da ofis da kujera, ana ce mana ranka ya daɗe. Kada mu manta kujerar ake gaisarwa. Ranar da aka kawo mana takardar da muka san zalunci ce, aka ce mu sa hannu, mu tuna da mutanen nan biyu. Gwamnati takan wuce, amma sa hannun yana nan a fayil. Abin da malamanmu suka koya mana na gaskiya da riƙon amana, shi kaɗai ne ba na aro ba.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.