Hawan Jini Da Haɗaɗɗiyar Ƙwaya: Jan Hankali Ga 'Yan'uwa Mazauna Birane



Da kwamitin shirya taro ya ba ni zaɓin abin da zan yi magana a kai, jama'a da yawa sun ɗauka zan koma kan batun makaranta, tunda a can na ƙare rayuwar aiki. Sai na zaɓi hawan jini, saboda dalili biyu. Na farko, duk wanda ke bin sanarwar ta'aziyya da ƙungiyar nan ke fitarwa ya san yadda kalmar "ya yanke jiki ya faɗi" ta yawaita a cikinta, kuma ba tsofaffi kaɗai ba, har da magidanta 'yan shekara 45 da suka bar yara a firamare. Na biyu, ku mazauna birane ku ne masu sayen magani ku ba direban mota ya kawo wa iyaye gida. Hannunku na cikin lamarin dumu-dumu, ko kuna da ciwon ko ba ku da shi. Aikin malami shi ne ya karanta, ya tambayi masana, ya sauƙaƙa wa ɗalibi, kuma shi zan yi a yau.

Ana cewa mutum yana da hawan jini idan an auna shi a ranaku biyu daban-daban aka samu lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum ɗaya cikin kowane baligi uku a duniya yana ɗauke da shi, kusan rabinsu ba su sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba su samun kulawar da ta saukar da jinin yadda ya kamata. Mugun halin wannan ciwo shi ne shiru. Mutum zai ci tuwonsa, ya je kasuwa, ya yi raha, alhali jinin yana cin zuciya da ƙoda da ido da jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali, har ranar da ɓarin jiki zai shanye.

Manoman fadama za su fi kowa saurin fahimtar yadda magungunan ke aiki. Ku ɗauki zuciya a matsayin injin ban-ruwa, hanyoyin jini kuma tiyo. Ƙarfin ruwa yakan yi yawa idan tiyon ya matse, ko kuma ruwan da ake turawa ya fi ƙarfinsa. Akwai maganin da ke sassauta jikin tiyon, shahararrensa shi ne amlodifin. Akwai wanda ke tare wani sinadari na jiki mai matse hanyoyin jini, kamar lisinofiril da telmisatan, waɗanda a jikin kwali za ku ga sunansu ya ƙare da haruffan "pril" ko "sartan". Akwai kuma wanda ke sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa, wanda muke kira maganin fitsari, ana yawan taƙaita sunansa da HCT ko HCTZ. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mafi yawan masu hawan jini magani ɗaya ba ya isarsu, sai an haɗa biyu, wani lokaci uku. Wani nazari na 2009 da ya tattara gwaje-gwaje 42 ya nuna ƙara magani na biyu daga wani gida ya fi ninka na farko tasiri da kusan ninki biyar. Ga shi kuma suna rufa wa juna asiri: mai "pril" ko "sartan" yana rage kumburin ƙafar da amlodifin kan jawo, yana kuma riƙe sinadarin fotashiyam da maganin fitsari ke zubarwa.

To, haɗaɗɗiyar ƙwaya ita ce wadda aka dunƙule magani biyu ko uku a cikinta, mutum ya haɗiye sau ɗaya a rana. Dattawanmu sun daɗe da sanin Moduretic, ita ma haɗi ce ta magungunan fitsari biyu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da irin waɗannan haɗe-haɗe guda huɗu cikin jerin magungunan da ba makawa sai da su, sannan a 2021 ta ba da shawarar a riƙa fara jinya da magani biyu, kuma an fi so su kasance cikin ƙwaya ɗaya. Hikimar a fili take: tsohuwar da aka ba ta leda uku za ta rikice ko ta gaji, wadda aka ba ƙwaya ɗaya bayan sallar asuba za ta riƙe.

Abin alfahari ne cewa ɗan ƙasar nan, Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja, shi ya jagoranci binciken da aka buga a 2019, wanda aka yi a kan baƙaƙen fata 728 a ƙasashen Afirka shida, ciki har da Nijeriya da Kamaru. An samu cewa haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi saukar da jinin mutanenmu a kan wanda babu shi. A 2024 kuma aka fitar da sakamakon wani gwajin a kan mutum 300 a nan Nijeriya, inda ƙwaya mai magani uku ƙanana-ƙanana ta daidaita jinin kashi 82 cikin ɗari bayan wata shida, a kan kashi 72 na waɗanda aka bi da su ta hanyar da aka saba. Na kawo wannan ne domin masu cewa maganin Bature an yi shi ne don jikin Bature. Wannan a jikinmu aka gwada.

Yanzu sai inda gizo ke saƙa, kuma a nan nake roƙon ku tattara hankalinku.

Ƙwayar ɗaya ce a ido, amma biyu ce a ciki. Babban haɗarin da ke tattare da ita shi ne maimaici. Likitan Abuja ya rubuta wa Baba haɗaɗɗiya mai amlodifin, ɗansa ya aiko, alhali a aljihun babbar riga akwai amlodifin zalla da aka ba shi a asibitin garinmu. Baba ya haɗa duka, don ya ga launinsu daban, sunansu daban. Sai jiri ya kwashe shi a bakin rijiya. Don haka ku koyi karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin sunan kamfani, nan ne ainihin sunan magani yake. Idan kun ga lamba biyu, kamar 5/80 ko 10/12.5, ku san magani biyu ne, kowanne da miligiram ɗinsa. Haka idan sunan ya zo da "Co" a gaba ko "Plus" ko "H" a baya, galibi haɗi ne. Duk ranar zuwa asibiti a zuba dukkan magungunan gida cikin leda ɗaya, har da na gargajiya, a ajiye gaban likita ko mai harhaɗa magunguna. Kada a taɓa shan mai "pril" tare da mai "sartan", ƙoda ba ta ɗauka.

Iyayenmu mata da 'ya'yanmu masu aure, wannan naku ne. Duk ƙwayar da ke da "pril" ko "sartan" a ciki haramun ce ga mai juna biyu a likitance, domin tana lalata ƙodar jariri tun yana ciki, har takan kashe shi. Macen da ke shan irinta, idan tana neman haihuwa ko ta ga ɓatan wata, ta garzaya asibiti a canza mata. Akwai waɗanda aka amince da su wa mai ciki, kamar Aldomet da nifedifin. Wannan kaɗai ya isa hujja a kan mummunar al'adar nan ta ara wa maƙwabciya magani don "ciwonmu iri ɗaya ne". Mun iya aron turmi da taɓarya, to a tsaya a nan.

Kowane magani da ɗan halinsa. Amlodifin kan kumbura idon sawu. Mai "pril" kan sa busasshen tari mai naci, wanda maganin tari ba ya ji, sai dai likita ya mayar da mutum kan mai "sartan". Maganin fitsari kan sa yawan zagayawa, shi ya sa aka fi son shan sa da safe, yana kuma iya tayar da ciwon gaɓoɓi na kumburin babban yatsan ƙafa. Duk waɗannan na komawa ne a faɗa wa likita, ba na jefar da magani ba. Amma akwai guda ɗaya da ba ya jiran wayewar gari: kumburin leɓe ko harshe ko maƙogwaro ga mai shan "pril". An tabbatar ya fi samun baƙar fata, kuma yana iya toshe numfashi. A daina shan, a nufi asibiti nan take. Kafin a fara waɗannan magunguna, da kuma mako ɗaya zuwa biyu bayan farawa, ya kamata a ɗebi jini a duba ƙoda da fotashiyam. Ku da kuke biyan kuɗin magani, ku sa kuɗin wannan awo cikin lissafi.

Ina da ƙorafi a kan masu tallar magani a faranti da cikin motocin haya, masu ƙulla ƙwayoyi kala-kala a leda su ce maganin gajiya ne. Mafi yawan abin da ke ciki dangin ibufurofen ne da daikulofenak. Waɗannan suna hau da jini, kuma idan suka haɗu da maganin fitsari da mai "pril" ko "sartan" a jiki ɗaya, suna iya durƙusar da ƙoda cikin 'yan kwanaki. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda ya san abin da ake kashewa kowane mako, ya san gonakin da aka sayar. Mai hawan jini idan ciwon jiki ya dame shi, farasitamol ya fi masa aminci. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci su ma suna tayar da jini.

Sai tukunya. Ƙa'ida ita ce kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma a ciki har da na dunƙulen miya, wanda kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri. Tun a shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Daddawa da citta da tafarnuwa da albasa sun isa su ba miya armashi. Akwai kuma wani gishiri da ake sayarwa a manyan kantunan birni da sunan na masu hawan jini, wanda fotashiyam ne a ciki. Kada ku aiko wa mai shan "pril" ko "sartan" ko Moduretic sai likita ya yarda, domin fotashiyam idan ya taru yana tsayar da zuciya. Zoɓo gaskiya ne yana ɗan saukar da jini, amma ba ya maye gurbin ƙwaya, kuma mai shan sa kullum ya sanar da likitansa.

Game da azumi, ƙwayar sau ɗaya a rana rahama ce, domin ana iya sha da sahur ko da buɗa-baki. Sai dai mai shan wadda ke da maganin fitsari, musamman idan azumi ya faɗo a bazara, ya ga likita tun cikin Sha'aban a tsara masa lokaci. Haka idan amai da gudawa suka kama mutum, jiki ya bushe, a tuntuɓi ma'aikacin lafiya a ranar kafin a ci gaba da sha. Wanda ya manta bai sha ba, in ya tuna a yinin ya sha, in gobe ta yi ya sha na gobe kawai, kada ya rama. Kada a raba ƙwaya biyu don ta daɗe. Kada a bar ta cikin mota a rana. Mai tashi daga kwance ya fara zama tukuna, sannan ya miƙe.

Kuskuren da ya fi kashe mana mutane shi ne dainawa. An auna an ga 125 bisa 80, sai a ce an warke, a ajiye magani. Ai maganin ne ya saukar da shi, ranar da aka janye hannu jinka za ta faɗo. Na san tun daga 2023 farashin magani ya yi tashin gwauron zabo, har wasu na sha yau su tsallake gobe. Mafita ita ce a gaya wa likita gaskiyar aljihu. Sau da yawa akwai irin maganin daga wani kamfani mai rahusa, ko a sayi biyun a rarrabe idan hakan ya fi sauƙi. A saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa a kankare a tura lambar ta waya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 da hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi sun buɗe ƙofar da za ku iya yi wa iyaye rajista, ku bincika a jiharmu.

Alamomin da ba a yi musu jinkiri su ne karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, sarƙewar magana, ciwon ƙirji, ko awo ya kai 180 bisa 120 tare da matsanancin ciwon kai ko dishi-dishin gani. A irin wannan hali mota ake nema, kuma kada a ɗura wa mara lafiya ruwa ko ƙwaya idan ba ya iya haɗiya.

Ranka ya daɗe shugaban taro, ina gabatar wa ƙungiya buƙata uku. A sayi na'urar awon jini irin ta damtse, a ajiye guda a kowace unguwa hannun mutum mai amana da ma'aikatan asibitinmu za su koya masa: mai awo ya zauna minti 5, ƙafa a ƙasa, hannu daidai ƙirji, ba goro ba shayi ba taba rabin sa'a kafin nan. A ba kowane dattijo ƙaramin littafi, irin na aikin gida da muke raba wa ɗalibai, a riƙa rubuta kwanan wata da awo da sunan magani, ya tafi da shi duk asibitin da za shi. Sannan kowace ranar 17 ga Mayu, wadda ita ce ranar hawan jini ta duniya, 'ya'yanmu likitoci da nas-nas da ke birane su zo gida su yi awo kyauta a ƙofar fada. Ina roƙon sakatare ya sa waɗannan cikin ajandar zaman kwamiti na gaba, ni kuma na ɗauki nauyin littattafai 100 na farko.