Jawabin ofishin magatakarda a taron cikar shekara: batun tura yaranmu karatun tsaron bayanai

Shugaba, dattawan ƙungiya, iyayenmu mata 'yan kasuwa, wakilan reshen Jugu da suka taso tun da asuba, baƙinmu na Gaya da Kamba da Kara, sannunku da zuwa Faraku. An ba ofishin magatakarda minti goma, za mu yi ƙoƙari kada mu ci lokacin abinci.

Yau ba maganar farashin masara ko ta 'yan duwan muka kawo ba. Maganar takardunku ce da ke hannunmu.

Kowa ya tuna abin da ya faru bara. An kira wani dattijonmu na reshen Jugu, ba sai mun faɗi suna ba, aka ce wani saƙo ya faɗo wayarsa bisa kuskure, don Allah ya karanto lambobi shida da ke ciki. Ya karanto. Kafin la'asar WhatsApp ɗinsa ya koma hannun wani. Da sunansa da hotonsa aka riƙa bin mutanenmu ɗaya bayan ɗaya: mota ta maƙale a iyaka, a taimaka da jika hamsin, gobe za a mayar. Wa zai ce wa Alhaji a'a? Waɗanda suka tura suna zaune a nan. An kai ƙara, kuɗi dai har yau shiru.

Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ɓarawon ya san wanda zai tambaya ne saboda mu da hannunmu muka saka jerin sunaye da lambobi a zauren ƙungiya, har da wanda ya zuba adashe da wanda bai zuba ba. Wannan laifin ofishinmu ne, mun ɗauka.

Bayan haka muka zauna muka lissafa abin da muke riƙe da shi. Kofin katin shaida na kusan kowa, lambar NPI, lambar haraji ta IFU, lambobin motoci da na direbobi, littafin adashe, da littafin bashin da ke tsakanin Faraku da Jugu. Wasu a akwatin ƙarfe mai makulli uku, biyu daga ciki ba mu san inda suke ba. Wasu a kwamfuta ɗaya tilo wadda duk yaron da ya shigo ofis ya san kalmar buɗe ta. Da wuta ta tashi, ko ɓarawo ya ɗauke kwamfutar nan, da me za mu raba gardamar bashi? Kuma ba batun kunya kaɗai ba ne. Dokar ƙasar nan ta harkokin intanet da sadarwa, mai lamba 2017-20 ta watan Afrilun 2018, ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane nauyin kiyaye su, akwai kuma hukumar APDP da ke sa ido a kai.

Kasuwarmu ma ta sauya. Tun da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan hanyar Malambil da Gaya ta toshe bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, mai kaya ya rage bin kayansa. Yana zaune a kasuwar Arzeke, kaya na hanya, kuɗi na tafiya ta waya. Wanda ya riƙe wayarka ya riƙe jakarka.

Kakanninmu da suka bi ta Nikki da Jugu zuwa Gwanja sayen goro ba su tafi kara zube ba. Ayari na da madugu, da jagaba mai duba hanya, da uban dawaki mai kula da kuɗin fito. Kowa ya san abin da ke wuyansa. Mu ne muka shiga sabuwar hanya babu jagaba.

Shi ya sa muka bincika batun horo. Akwai babbar takardar shaida da ake kira CISM, ta ƙungiyar ISACA da ke Amurka: tambayoyi 150 cikin awa huɗu, kuma ba a ba mutum ita sai ya yi shekara biyar yana aikin. Wannan ta manyan ma'aikatan banki da kamfanonin waya ce, ba tamu ba ce yanzu, kada wani ya karɓi kuɗinmu da sunanta. Abin da ya dace da mu shi ne matakin farko na tsarin da ake kira ISO 27001, karatun 'yan kwanaki da Faransanci, a ƙarshe a yi jarrabawa a ba da takarda.

Mun samu littafin karatun mun duba, abin ya ba mu mamaki. Mun zaci duk maganar na'ura ce. Ashe a cikin matakan kariya 93 da bugun 2022 ya lissafa, 34 ne kawai na na'ura. Sauran duk tsari ne da mutane da ɗaki: wa ke da izinin ganin me, wa ke riƙe makulli, me ake karɓewa daga hannun ma'aikaci ranar da ya bar aiki, ina ake ajiye kofi na biyu. Ginshiƙansa uku ne, kuma duk bafatake ya san su: sirri kada ya fita, abin da aka rubuta kada a sauya shi a ɓoye, ranar da ake nemansa a same shi.

To ga roƙonmu. A tura mutum biyu, ɗaya daga Faraku, ɗaya daga Jugu, kuma muna so ɗaya ta kasance cikin 'yan matanmu da suka gama sakandare, domin iyayenmu mata sun fi sakin jiki su miƙa wa mace wayarsu. Mun ji wasu dattawa na cewa yaro in ya samu takarda sai ya tsere Kwatano. Gaskiya ne, yana iya faruwa. Don haka muka ce a rubuta yarjejeniya da iyayensu: shekara biyu suna yi wa ƙungiya aiki, suna zagaya rassa suna koyarwa da Hausa da Dendi, ko su mayar da kuɗin. Wasu kuma sun ce takarda ba ta kama ɓarawo. Ba ta kamawa. Amma gara a ce akwai mutum ɗaya da za a kira da sunansa a tambaye shi, ba kowa ya ce shi ma bai sani ba.

Abin da ba ya buƙatar kuɗi mun riga mun fara. An cire jerin adashe daga zaure. An sauya kwaɗon akwati, makulli biyu ne yanzu, ɗaya wurin shugaba ɗaya wurin ma'aji. Littafin bashi ana kofe shi duk ƙarshen wata a aika Jugu.

Bayan an ci abinci, yaranmu za su zauna a teburin bakin ƙofa. Duk mai WhatsApp ya biya ta wurinsu su nuna masa yadda ake saka lambar sirri ta biyu, amma shi zai danna da hannunsa, su juya baya. Takardar kuɗin karatun tana wurin ma'aji, mai son dubawa ya duba kafin shugaba ya sa a ɗaga hannu.